Kwas Ɗin da Na Ci Ban Koya Ba

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, domin har yanzu ina koyarwa a garin nan, kuma akwai iyayen ɗalibaina da ke karanta wannan shafi.

Lokacin da abin nan ya faro ina aji biyu a wata kwalejin horar da malamai a nan Gombe, shekaruna ba su wuce ashirin da ɗaya ba. Ni ce auta a gidanmu da ke unguwar Arawa, ni ce kuma mace ta farko da ta wuce sakandare a gidan, don haka kaina a fashe yake. Ina da baki, ina da son kwalliya, sannan Allah ya ba ni ƙwaƙwalwar hadda. In na rungumi takarda ana gobe jarrabawa, to zan juye ta kaf a ɗakin jarrabawa, in fito in manta da ita kafin in kai bakin get. Gaskiya ni ba koyarwa nake so ba, jami'a na nema ban samu ba, na shiga kwaleji don kada in zauna a gida. Yayana, wanda muke kira Hamma, shi ya riƙe ni tun bayan rasuwar mahaifinmu. Yadudduka yake sayarwa a kasuwa, bai yi boko mai nisa ba, amma ko a gaban baƙi Malama yake kirana tun ban taɓa riƙe alli ba.

A zango na biyu na wannan shekarar aka ce kowa ya ɗauki kwas ɗaya na zaɓi, wanda mu ɗalibai muke kira ilektif. Akwai na ilimin manya, akwai na kula da ɗakin karatu, akwai kuma na koyar da yara kurame da maganar hannu. Duk wanda ya yi kwaleji ya san yadda muke wannan zaɓi. Ba wanda ke tambayar me ake koya a ciki. 'Yan aji uku ake nema a gindin bishiya a tambaye su wane malami ne ke sakin maki, wane ne ke kayar da mutane, wane ne tambayoyinsa ba sa canzawa. Wata babbar ƙawata ta je ta yi mana wannan bincike, ta dawo tana dariya ta ce ai na kurame tuwo ne da miya. Jarrabawarsa a rubuce ake yi, tsofaffin tambayoyi na yawo a hannun ɗalibai, aikin hannun kuma rukuni-rukuni ake yi a raba maki daidai. Ko minti biyar ban yi ina tunani ba na rubuta shi.

Malamin kwas ɗin dattijo ne mai haƙuri, ba zan ɗora masa laifin komai ba. Ranar farko ya gaya mana cewa maganar hannu yare ne cikakke kamar Hausa ko Fulatanci, ba a koyonta a takarda, sai an zauna da masu ita. Ya shirya mana zuwa makarantar kurame duk ranar Asabar da safe. To ni kuma Asabar ranar biki ce a wurina. Yau kamu a unguwar Malam Inna, gobe walima a can wata unguwa, ga anko an ɗinka, ga lalle an sa. Sau ɗaya na je, shi ma hotuna na yi ta ɗauka, na dawo ina kwaikwayon yaran a ɗakin kwanan ɗalibai ana ta shewa. Allah ya yafe min wannan. Ranar gwajin rukuni na lallaɓa na tsaya a layin baya, bayan wata doguwar yarinya da ba ta taɓa fashin Asabar ba, duk abin da hannunta ya yi nawa ya bi. Jarrabawar rubutu kuwa na haddace ta tsaf. Da sakamako ya fito, maki mafi girma da na samu a duk zamana a kwalejin shi ne na wannan kwas. Na kawo gida na nuna wa Hamma, har da ƙarin gishiri, wai ni yanzu ko kurma na haɗu da shi a hanya sai mu yi hira har yamma.

Hamma yana da 'ya mace da aka sa wa sunan Innarmu, shi ya sa muke kiranta Ummi. Tana shekara biyu sanƙarau ya kama ta, Allah ya tashi kafaɗunta amma jinta ya tafi gaba ɗaya, 'yan kalmomin da ta fara kamawa su ma suka bi. Ita da mahaifiyarta, wadda nake kira Adda, sun ƙirƙiri hanyarsu ta fahimtar juna. Taɓa ciki yunwa ne, shafa gemu Hamma ne, akwai na ruwa, akwai na bayan gida, akwai na wasu abubuwa da su biyu kawai suka sani. In suna tsakar gida Adda na tsefe mata kai, sai ka ga suna dariya ba ka san me aka ce ba.

Shekarar da na gama kwaleji Ummi ta cika biyar. Likitan da ke duba ta ya daɗe yana gaya wa Hamma a kai ta makarantar kurame da wuri, wai shekarun farkon nan su ne na kama yare, in suka wuce sai an sha wahala. Hamma har ya je ya ga makarantar. Amma Inna ta ce yarinyar ta yi ƙanƙanta da hawa keke napep kullum zuwa wancan gefen gari, Adda kuma in aka tayar da maganar sai ta yi ta hawaye. Rannan da yamma muna zaune gaba ɗaya sai Hamma ya juyo ya dube ni fuskarsa a sake, kamar wanda ya tsinci mafita. Ya ce ai mu Allah ya hutar da mu, ga Malama a gida ta karanci abin, har ita ce ta fi kowa ci. Me zai hana ta riƙa koya mata a gida har ta ƙara wayo? Kowa ya zuba min ido. Wallahi na san abin da ya kamata in faɗa. Jimla ɗaya ce, ban iya ba. Amma na dubi yadda Inna ke min murmushi, na tuna cika bakin da na yi, sai na ji bakina yana cewa ai wannan ba komai ba ne, a bar min ita.

Haka aka sayo ƙaramin allo aka rataye a ɗakina. Na samu aiki a wata firamare mai zaman kanta, in na dawo da la'asar sai in zaunar da Ummi. Na nemo tsohuwar takardar kwas ɗin, akwai zanen hannaye na haruffa a bayanta, na riƙa kallo ina nuna mata, wasu ma a juye nake yin su ban sani ba. Da na ga abin ba ya tafiya sai na koma ga abin da na iya, wato kwafi. In rubuta harafi a allo ta kwafa, in rubuta kalma ta kwafa. Yarinyar nan tana da hannu, rubutunta ya fi na 'yan aji uku da nake koyarwa kyau. Hamma ya dawo daga kasuwa a nuna masa, ya yi ta sa min albarka, har kasuwa yake tafiya da shi ya nuna wa maƙwabtan shagonsa. Ni kaɗai na san cewa zane kawai take yi. Ta rubuta ruwa shafi guda, amma in ka nuna mata randa ba ta san akwai abin da ya haɗa su ba.

In ta zo tana min alamu da hannu, tana nuna nan tana nuna can, ba na gane ko rabi. Sai na samo dabara: in yi murmushi in gyaɗa kai. Kome ta ce, murmushi da gyaɗa kai. In wani a gida ya tambaye ni me take cewa, sai in ƙaga masa. Wai tana son alewa, wai tana gaishe da Inna. Aka mayar da ni tafinta, ni da ban iya gaisuwa da hannu ba.

Abin da ya fi komai ci min rai shi ne wanda zan faɗa yanzu. Na lura Adda ta fi ni gane yarinyar nesa ba kusa ba. Wani lokaci in na fassara sai ta ce a hankali anya, ita dai kamar ba haka Ummi ke nufi ba. Na sha jinin jikina cewa in aka ci gaba a haka asirina zai tonu. Sai borin kunya ya sa na tara su na yi musu lacca. Na ce alamun gida da Adda ke yi mata su ne ke rikita ta, su ne suka hana ta kama na makaranta, a ilimance ba a haɗa biyun. Babu inda aka koya min haka, daga kaina na ƙirƙiro shi a wurin. Na ce in ana son ci gabanta, duk mai magana da ita ya biyo ta hannuna. Adda mace ce mai sanyi, daga firamare aka yi mata aure, tana ganin duk abin da ya fito daga bakin mai takarda gaskiya ne. Hamma kuma ya ce a bi abin da Malama ta ce. Daga ranar Adda ta naɗe hannunta. Ummi ta zo ta ja zanenta tana mata alama, sai ta kau da kai ta nuna mata ƙofar ɗakina, ta shige kicin tana share ido da bakin mayafi. Ina gani. Yarinyar ta zo wurina ta nuna ɗakin uwarta, ta rungume hannuwanta a ƙirji, ta tsuke fuska, ta zuba min ido tana jira. Ni kuma in yi murmushi in gyaɗa kai. Ta sha yin wannan alamar, har ta gaji ta daina.

Kusan shekara uku muka yi a haka. Ummi ta zama mai fushi, tana jifa da kwano, tana cizon yara, aka ce halin kurame ne. Duk shekara in Hamma ya ce ko lokacin makaranta ya yi, Inna ta ce ai ga shi tana samu a gida, ni kuma in yi shiru. Ba na jin daɗin abin, kada a ɗauka ina barci lafiya. Na sha cewa gobe zan faɗa. Amma kullum ƙaryar ƙara tsawo take, kuma kullum faɗar gaskiyar ƙara nauyi take.

Asirina ya tonu ne a gidan suna a unguwar Manawashi, gidan wata 'yar uwar Adda. Tsakar gida cike da mata, ana ta rabon masa da kunu. Cikin baƙin akwai wata mata mai kamala, ma'aikaciyar gwamnati ce, kurma ce ita ma, ta zo da babbar 'yarta da ke fassara mata. Tun daga nesa na hango hannuwansu na tafiya kamar walƙiya, na fara neman hanyar zamewa. Ban kai ƙofa ba Adda ta riƙo ni da murnarta, ɗaya hannun riƙe da Ummi, ta kai mu gaban matar. Ta gaya wa 'yar matar cewa ga tata 'yar, ga kuma ƙanwar mijinta da ta karanci maganar hannu a kwaleji, ita ke koya mata. Matar ta faɗaɗa fara'arta ta juyo gare ni ta yi wasu alamu. Na yi murmushi na gyaɗa kai. Ta sake yi, a hankali wannan karon. Na sake gyaɗa kai. Sai 'yar ta ce, ba da wata manufa ba, "Anti, sunanki take tambaya."

Na ce wai irin tamu ta kwaleji daban ce da tasu. Matar ba ta ko tsaya a fassara mata ba, ta durƙusa gaban Ummi da lesinta mai tsada. Ta tambaye ta sunanta, Ummi ta juyo ta dube ni. Ta nuna mata kofin ruwa, ta nuna jaririn da ake suna, ta nuna Adda, tana yi tana jira, yarinyar ta yi tsaye kamar an dasa ta. Amma idonta bai bar hannun matar ba, ban taɓa ganin ta kalli wani abu haka ba. Da matar ta miƙe fara'ar nan ta tafi. Ta tambayi shekarun Ummi aka ce takwas. Ta dube ni sama da ƙasa, sannan ta yi magana mai tsawo da hannu, 'yarta na fassarawa tana sunkuyar da kai don nauyin abin. Ta ce yarinyar nan ba ta da yare ko ɗaya, ko sunanta ba ta sani ba, duk wanda ya ce yana koya mata ya ji tsoron Allah. Ta ce ko 'yan alamun gida da kowane kurma ke tasowa da su ba ta gani a wurinta sosai ba, ina uwarta take duk shekarun nan? Adda na tsaye a wurin. Ta juyo ta kalle ni. Na so ƙasa ta tsage in shige.

A keke napep ɗaya muka dawo gida. Da Hamma ya dawo bayan la'asar Adda ta gaya masa komai, ina jiyo muryarta daga ɗaki, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ranar. Ya aiko aka kira ni. Na durƙusa na faɗa masa gaskiya tun daga gindin bishiyar nan har zuwa layin baya. Na zaci zai mare ni, wallahi da ya mare nin da na fi samun sauƙi. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Da faɗuwa kika yi a jarrabawar nan, da yanzu 'yata tana aji uku." Tun daga ranar bai sake kirana Malama ba, da sunana yake kirana.

A satin aka kai Ummi makaranta. Aka sa ta ajin farko tare da 'yan shekara biyar, ta fi kowa tsawo, benci ma ya yi mata kaɗan. Malamanta sun yi ƙoƙari, ita ma ta kama hannu da sauri kamar mai jin ƙishirwa, amma sun gaya wa Hamma gaskiya cewa karatu da rubutu za su daɗe suna ba ta wahala saboda ta makara. Haka kuwa aka yi, har yau tana bayan sa'o'inta. Makarantar na koyar da iyaye ranar Asabar, Adda ta fara zuwa. Bayan wata biyu na roƙe ta in riƙa bin ta. Ta ce hanya ai ba tata ba ce. Na koma wurin da aka ce in je ina ɗaliba na ƙi, na zauna a benci ɗaya da iyayen da ba su taɓa shiga kwaleji ba, na fara daga gaisuwa.

Kurame suna da wata al'ada da na tarar a can. Ba sa tsayawa harhaɗa sunan mutum harafi-harafi kullum, sai su raɗa masa suna da alama ɗaya, daga abin da aka fi saninsa da shi. Wani tabon fuskarsa, wata wushiryarta. Bayan kamar shekara guda, wata Asabar Ummi ta jawo ƙawayenta tana nuna musu mutanen gidansu. Ta nuna Adda ta dafa ƙirjinta. Ta nuna ni, sai ta ja murmushi da yatsa a gefen bakinta, ta dunƙule hannu ta gyaɗa shi kamar kai. Yaran suka maimaita, sunana ke nan. A lokacin na iya abin da zan tambaye ta dalili. Ta ba ni amsa ba tare da fushi ba, kamar mai ba da labarin abin da kowa ya sani. Ta ce ai kome ta faɗa min haka nake yi. Sannan ta sake yin tsohuwar alamar nan, ta nuna uwarta, ta rungume hannu, ta tsuke fuska, ta fassara min ita da yaren da ta samu yanzu. Ta ce, "Ina tambayarki ko Mama ta daina sona ne. Kullum sai ki ce eh, Goggo."

Adda na gefena, ta gane kowace alama. Ta jawo 'yarta ta ƙanƙame, ni kuma na fita bayan aji na yi kukan da ban yi ba ko ranar sunan Manawashi. Daga baya Adda ta zaunar da ita ta yi mata bayani, ni ma na durƙusa na nemi gafararsu su biyu. Ummi ta ce ta yafe. Adda ta ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, kuma muna zaune lafiya, amma na san akwai abin da ba zai koma yadda yake ba, ban kuma isa in nemi ya koma ba.

Na rubuto wannan ne saboda ɗaliban da ke kwalejojinmu yanzu, waɗanda na san a zangon nan ma suna gindin bishiya suna tambayar wane malami ne ke sakin maki. Ƙannena, kwas ɗin zaɓi ba cikon lissafi ba ne. Duk abin da aka rubuta a sakamakonki cewa kin ci, wata rana wani zai gaskata shi ya miƙo miki ɗansa. Ki zaɓi wanda za ki zauna ki koya, in kuma kin riga kin tsallake kamar yadda na yi, to ranar da aka tambaye ki ki ce ban iya ba. Kunyar wannan kalma ta yini ɗaya ce, ni na guje mata na jawo wa yarinya shekarun da ba mai mayar mata da su. Iyaye kuma, in likita ko malaman abin sun ce a kai yaro makaranta da wuri, a kai shi, kada takardar wani a gida ta ruɗe ku, kada kuma kowa ya raba uwa da hanyar da take magana da ɗanta.

Yanzu na iya maganar hannu daidai gwargwado, muna hira da Ummi har ta yi min tsiya in na yi kuskure. Kwanaki ta ce in ina so za ta canza min suna, tunda yanzu ina ganewa. Na ce ta bar shi. Duk makarantar da shi suka san ni, kuma duk sanda yaro ya hango ni ya ja murmushi ya gyaɗa hannu, ina amsawa.